FATA IN TA SAKI: ME KE ƊAME TA, ME KE ƘARA LALATA TA?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, har da na ƙauyuka masu ci mako-mako, ba a rasa mai tallar man da ake cewa yana ɗame fatar da ta saki. Wani a kwalba yake, wani a gwangwani, wani kuma gari ne da ake damawa a sha. Yanzu tallar ta shigo har cikin salula: a nuna hoton mace fuskarta ta zazzago, a nuna wani ta koma kamar budurwa, a ce aikin kwana 7 ne kacal. Mata ne aka fi yi wa wannan talla, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, amma maza ma suna saye.

Son gyaran jiki ba laifi ba ne. Laifin shi ne a karɓe kuɗin mutum, a kuma bar shi da ciwon da bai zo da shi ba. Babu wani mai, komai tsadarsa, da ke ɗaga fatar da ta riga ta faɗi. Akwai dai hanyoyin da lokotoro suka sani, kowace da iyakarta da haɗarinta, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mu tambayi majemi

Wanda ya fi kowa sanin fata a garinmu shi ne majemi. In ya jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka, sai ya kankare gashi da ɓawon sama, ya juya ya kankare nama da kitsen ciki. Abin da ya rage a hannunsa shi ne tsakiyar fata, ita ce mai ƙarfi, ita ce ta sa fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai. Fatar ɗan Adam ma hawa uku ce haka: ɓawo a sama, tsakiya mai ƙarfi, kitse a ƙasa.

Wannan tsakiya saƙa ce ta zare iri biyu. Na farko sunansa kolajen, shi ne mai ƙarfi kamar abawar masaƙi. Na biyu sunansa elastin, shi ne mai miƙewa ya koma kamar robar wando. Bayan mutum ya gama girma, kolajen ɗin fatarsa yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Mace kuwa in al'adarta ta ɗauke, tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekara 5 na farko. Elastin ya fi ban takaici, don jikin babba ba ya cika yin sabo. Kowa ya san robar wando in ta mutu, wanki da guga ba su tashe ta.

Ba zaren kaɗai ke gajiya ba. Kitsen kumatu yana raguwa yana sauka, ƙashin fuska yana zaizayewa, in haƙora suka zube sai kumatu su faɗa ciki. Ke nan rumfar ce ta rasa shika-shikanta, zanan da ke kanta dole su lotsa. Dattijon da ya rasa haƙora, haƙoran roba sun fi kowane mai gyara masa fuska.

Abin da ke gaggauta lalacewar zaren sananne ne: zafin rana, shan taba, ciki bayan ciki ba hutu, da ƙiba mai yawa wadda aka sauke da sauri. Baƙar fata tana da gata a nan, domin baƙin yana tare wani kaso na hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yamutsewar fuska ke jinkirin zuwa mana fiye da Turawa. Mu riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Sakin da ba na tsufa ba ne

Kafin a yi zancen ado, a fara tabbatar da cewa ba cuta ba ce. Yaro mai zawo, a kama fatar cikinsa da yatsu biyu a gefen cibiya, a ɗaga, a saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta daɗe fiye da daƙiƙa 2 ba ta kwanta ba, ruwan jikinsa ya ƙare ƙwarai: a garzaya gidan likita, ana ba shi nono da ruwan gishiri da sukari a hanya in yana iya sha. Yaron da fatar ɗuwawunsa da cinyoyinsa ta tattare kamar ya sa wandon yayansa, tamowa ce. A auna damtsensa da igiyar awo mai launi uku. In ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ne kuma awon ya faɗa cikin ja, watau ƙasa da milimita 115, ba a kwana da shi gida.

Babba ma haka. In mutum ya ga fatarsa ta yi masa yawa cikin ƴan watanni, ba yunwa ba azumi, ga tari, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko zazzaɓin dare, to a yi awon tarin fuka, ciwon sukari da sida. Wannan rama ba a shafa mata mai.

Na shafawa

Mu koma kan majemi. Da bagaruwa yake jima, kuma kowa ya ga yadda bagaruwa ke ɗaure baki. Daga nan wasu suka ɗauka cewa ita da alif za su ɗame fatar mai rai kamar yadda suke yi wa matacciya. Abin da ake ji bayan an shafa su, ɓawon sama ne ya bushe ya takure. Bayan ƴan awoyi ya koma yadda yake, in kuma an yawaita sai kaushi da ƙaiƙayi. Ai majemi ma sai ya kankare ɓawon nan tukuna bagaruwa ke shiga. A jikin mai rai, ɓawon aikinsa ke nan: hana abin waje shiga. Shi ya sa man da aka rubuta kolajen a kwalbarsa ba ya kaiwa inda ake bukata; ƙwayoyin kolajen sun yi girma, a waje suke tsayawa.

Man kaɗe, man gyaɗa da basilin suna da amfaninsu na gaskiya. Suna riƙe ruwa cikin ɓawon fata, ƙananan layukan da hunturu ke fitarwa su kwanta, jiki ya yi sheƙi. Ba su ɗaga abin da ya faɗi, amma ba su cutarwa, kuma ba su cin kuɗin cefane. A ganina, ga yawancinmu, nan ya kamata a tsaya.

Mai guda ne aka daɗe ana gwadawa aka kuma tabbatar yana sa fata ta saƙa sabon kolajen, shi ne tretinoyin, ɗan uwan bitamin A. A Amurka an amince da shi don ƙurajen fuska a 1971, sannan don ƙananan layukan tsufa a 1995. Ana shafa ɗan kaɗan da dare, kuma sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji. Yana sa ɓawo da raɗaɗi a makonnin farko, a baƙar fata raɗaɗin yana iya barin tabo mai duhu, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Magani ne na farmasi da takardar lokotoro. Ko shi ɗin, layuka yake ragewa. Haɓar da ta zazzago ta fi ƙarfinsa.

Garin kolajen na sha kuwa, in ya shiga ciki narkewa yake kamar kowane nama, jiki ya raba shi inda ya ga dama. Abin da ke cikinsa shi ne ke cikin ganda da romon ƙafar sa. Abin da jiki ke bukata don ya saƙa zarensa da kansa yana gonarmu da garkarmu: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, da bitamin C na ƴaƴan kuka, gwaiba, lemu, tumatir da tattasai.

Man da ke cinye fata

A nan ne babbar ɓarna take. Da yawa daga mayukan da ake tallatawa da sunan sabunta fata, man ƙara haske ne. Uku ne ke cikinsu, kuma wanda ya iya haɗa baƙi zai iya gane su a jikin kwali, galibi da rubutun Faransanci: Clobétasol ko Bétaméthasone, sai Hydroquinone, sai Mercure. Wani lokaci ma ba a rubuta komai, an dai cuɗa an zuba a gwangwani.

Biyun farko dangin kortizon ne masu ƙarfi. Lokotoro yana ba da su don wasu cututtukan fata, na ƴan kwanaki, a wuri ƙayyadadde. In aka mai da su man kullum a dukan jiki, suna hana fata yin kolajen. Makonnin farko mace za ta ga ta yi haske da santsi, ta yi murna. Bayan watanni fatar ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa masu faɗi su tsage hamata, cinya da ƙirji, kuma waɗannan ba su gogewa har abada. Ƙuraje da makero su samu gida. Maganin yana ratsawa cikin jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari. Irin wannan fata in an yi wa mai ita aikin haihuwa, ɗinki yana wuyar kamawa, rauni yana jinkirin warkewa.

Hydroquinone in an daɗe ana shafawa yana juyewa ya bar baƙin tabo mai kaushi a kumatu da wuya, wanda ke da wuyar magani. Mercure guba ne ga ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fitar da Hydroquinone daga kayan shafawa tun 2001, Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta shiga kwashe su daga kasuwanni a 2018. Sannan ga abin da muka ce a riƙe: baƙin da ake kankarewa shi ne laimar da ke kare zaren daga rana. An cinye saƙar daga ciki, an kuma yaye mata inuwa daga waje. Garin neman gira an rasa ido.

Wadda ta daɗe tana shafa mai kortizon kada ta yanke shi dare ɗaya ita kaɗai, domin jiki ya saba, yankewar gaggawa tana iya kayar da ita. Ta je da kwalbar gidan likita a tsara mata yadda za ta rage.

Na'urori masu zafi

Wanda ya taɓa babbaka ganda ya ga yadda fata ke takurewa in ta ji wuta. Kolajen in ya kai zafin digiri 60 zuwa 70 yana tsukewa. A kan wannan ne aka ƙera na'urorin da ke dumama tsakiyar fata ba tare da ƙona ɓawon sama ba. Zaren ya ɗan tsuke, jiki kuma ya ɗauka rauni ne, sai ya shiga saƙa sabo.

Iri biyu ne suka fi suna. Thermage, wadda aka amince da ita a Amurka a 2002, tana aiki da igiyar lantarki irin ta rediyo. Ultherapy, wadda ta biyo baya a 2009, tana aiki da sautin da kunne ba ya ji, irin wanda ake hoton ciki da shi a gidan haihuwa, sai dai an tattara shi wuri guda kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Tana kaiwa zurfin milimita 4 da rabi. Ba a yanka, mutum yana tashi ya koma gida a ranar, amma akwai zafi lokacin aikin. Sakamako ba ya fitowa sai bayan wata 2 zuwa 6, kuma ɗagawar ƴan milimita ce. Bayan shekara guda ko biyu a sake biya. Suna yi wa mai ɗan saki kaɗan amfani. Wanda fatarsa ke reto, asarar kuɗi ce.

Akwai kuma na haske mai ƙona ɓawon sama, wanda ake kira leza. Mu masu baƙar fata sai mu yi hattara da shi: a hannun wanda bai san irin fatarmu ba, yana barin dabbare-dabbare. Haka nan na'urar da aka sayo aka ajiye a shagon kitso, ba wanda ya koyi aikinta, ko dai ba ta da ƙarfin yin komai, ko kuwa ta yi ƙuna.

Allura da zare

Allurar Botox ba ta ɗame fata. Tana kwantar da naman da ke tattare goshi ne, wata 3 ko 4 ta sake shi. Allurar cika kumatu tana maye gurbin kitsen da ya tafi, ta yi wata 6 zuwa shekara guda ko fiye kaɗan. In ta shiga jijiyar jini bisa kuskure tana iya kashe fatar wurin, har ta makantar. Duk wanda ba lokotoro ba ya ce zai yi miki allurar wani mai ko ruwan roba a fuska, nono ko ɗuwawu, ki gudu: abin ba ya fita, yana dunƙulewa, yana ruɓar da nama. Akwai kuma zare mai ƙananan ƙayoyi da ake sokawa ƙarƙashin fata a ja sama; yana narkewa cikin watanni, fuskar kuma ta bi shi a hankali.

Wuƙa

Fata in ta yi yawa sosai, hanya ɗaya ce: a yanke rarar a ɗinke, kamar yadda tela ke rage riga. Aikin ba sabo ba ne. An fara shi a Jamus a farkon shekarun 1900, kuma wata lokotoro ta birnin Faris, Suzanne Noël, ta wallafa littafi a kansa a 1926. A yau ba fata kaɗai ake ja ba, har da shimfiɗar naman da ke ƙarƙashinta, shi ya sa gyaran fuska ke kai kusan shekara 10. Ba ya tsayar da tsufa, baya kawai yake mai da shi kaɗan.

Na ciki ya fi nauyi. Ana yanka daga ƙugu zuwa ƙugu, a ɗinke naman cikin da ya rabu, a cire rarar fata, a buɗe wa cibiya sabuwar ƙofa. Bayan aiki, sai an yi kusan mako 6 ba ɗaukar kaya. A auna wannan da rayuwar macen da ke daka, jan ruwa da goyo. Ba a kuma yin sa sai ga wadda ta gama haihuwa, don sabon ciki yana warware ɗinkin. Haɗarinsa shi ne zubar jini, ruɓewar rauni, da gudan jinin da ke tasowa daga ƙafa ya toshe huhu. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa wasu a hujin kunne. Mai irin wannan jiki tana iya musanya saki da tabon da ya fi shi muni.

Masu hali suna zuwa Tunisiya, Turkiyya ko Turai don wannan aiki, kuma kuɗinsa ya fi abin da gonar talaka ke bayarwa a damina. Amma kuɗi ba su kawar da haɗari. A watan Oktoba na 2005, Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a ƙasar Ispaniya bayan aikin zuƙe kitsen ciki a wata asibitin kuɗi kusa da Marbela. A 2009 kotun Malaga ta samu lokotoron da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Wanda duk ya ƙudura niyya, ya tabbatar mai aikin ƙwararre ne a wannan fanni, akwai mai kula da allurar barci, akwai ɗakin gaggawa da jini a ajiye, kuma ya san wanda zai duba raunin in ya komo gida.

Akwai inda wuƙar ba ado ba ce. Tsohon da fatar idonsa ta sauko har tana tare masa gani, ƙaramin aiki ne a wurin lokotoron ido. Haka mai tumbin da ya faɗo yana dafewa a ƙarƙashi, yana wari da gyambo.

Cikin mai jego

Tambayar da ta fi yawa ita ce ta ciki bayan haihuwa. Mahaifa tana komawa girmanta cikin kusan mako 6, amma fata da naman ciki suna ɗaukar watanni, wani lokaci shekara. Kada mace ta yanke wa cikinta hukunci ranar arba'in. Ɗaure ciki da zane yana tallafa wa baya, yana sa a ji daɗin tafiya, amma ba ya rage fata, kuma in an matse ƙwarai yana tura kayan ciki ƙasa. Ruwan wankan jego mai tsananin zafi ba ya ɗame komai, ƙuna kawai yake kawowa. Shi da kunun kanwa mai yawa kuma suna ɗora wa zuciyar mai jego nauyi.

Abin da ke taimakawa shi ne ƙarfafa naman ciki a hankali: ta kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ta fitar da numfashi tana jan cibiya ciki, ta riƙe ta ƙirga 5, ta saki, sau 10 safe da yamma. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin ungozomar likita. Nankarwa ba ta gogewa da mai, amma tana dushewa da kanta. Babban abu kuma shi ne tazara: aƙalla shekara 2 tsakanin haihuwa da sabon ciki, domin saƙar ta samu lokacin murmurewa.

Ga manoma da masu aikin garka, maza da mata, abin da ya fi kare fuska da wuya shi ne malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, da neman inuwa tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3 in aiki ya ba da dama. Mai shan taba ya bari, domin hayaƙinta yana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da fata. Mai son rage ƙiba kuma ya bi a sannu, kamar rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, don fatar ta samu damar bin jiki.